Ɗan Inno

Ranar Litinin da hantsi wata mata ta sauka daga taksi a Titin Koudoukou na birnin Bangui, daura da layin masu canji, ta fara tambayar gidan su Haris Nasidi. Tana sanye da kwat mai ruwan toka da takalmi marar tsini, tana riƙe da ƙaramin littafi. Kafin azahar labarinta ya isa shagon Ja'afaru ta bakin mutum huɗu. Ɗaya ya ce 'yar jarida ce, ɗaya ya ce daga wurin 'yan sanda take. Abin da duka huɗun suka yarda da shi shi ne, duk sunan da aka faɗa a gabanta sai ta rubuta.

Ja'afaru ƙanin mahaifin Haris ne. Yana sayar da kayan gyaran babur a wani shago mai ƙofa biyu, kuma tun rasuwar wansa Nasidi shi ne babban namiji a gidan. Duk takardar da ta kai yaron Turai, da sa hannunsa a ƙasa.

Shekarar Haris goma sha tara. Ɗan wasan tsakiya ne, kuma shekara guda ke nan yana wata babbar ƙungiya a Faransa. Da matasa ya fara. A watan Fabrairu aka hau da shi wurin manya, ya buga wasa shida, biyu daga cikinsu tun daga farko. Masu sharhi sun ce ba ya gaggawa, kuma yana duba bayansa sau biyu kafin ƙwallo ta iso ƙafarsa. Ƙungiyar ta tsayar da rana don ya sa hannu a kwantiragin shekara biyar, sai aka ɗage ba tare da bayani ba. Wasa biyu a jere sunansa bai fito ko a benci ba. Da ya kira baffansa ranar Asabar, ya ce koci na gaishe shi kamar kullum, likita ya ce lafiyarsa lau, wakilinsa kuma ya daina ɗaukar waya. Kwantiragin matasan da yake kai zai ƙare a ƙarshen Yuni, izinin zamansa a ƙasar kuwa a jikin kwantiragin yake.

Ja'afaru bai haɗa zuwan matar da wannan ba. Wani abu ya tuna. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce, mako guda kafin a ƙone gidansu na unguwar Miskine, wasu samari biyu sun bi layinsu da littafi suna tambayar wane ne a wane gida, suka ce ƙidaya ce. Don haka ya aika wa mai shayi da masu canji da limamin layi da masu taksi-moto cewa kada wanda ya gaya wa matar komai.

Saƙon ya yi aiki fiye da yadda ya so. Mai shayin bakin titi, wanda hoton Haris ke manne a saman teburinsa, ya ce mata bai taɓa jin sunan ba. Ɗantala, tsohon kocin da ya fara horar da yaron a filin ƙasa na unguwar Kokoro, ya ce yara da yawa sun bi ta hannunsa, shi kuma ba ya riƙe shekaru.

Ranar Laraba da safe ta shigo shagon da kanta. Ta yi gaisuwa da Sango, harshen ƙasar, ta ajiye kati a kan teburin shagon. Sunanta Madam Odil, lauya ce, ofishinta na cikin gari, kuma ƙungiyar Haris ce ta ɗauke ta. Ja'afaru ya ba ta kujera, ya ɗauki hoton katin ya tura wa Haris, ya ci gaba da sallamar masu saye. Bayan minti arba'in amsa ta zo: sakataren ƙungiya ya tabbatar da ita, amma ya ƙi faɗin aikin da aka ba ta. Matar ba ta nuna gajiya ba. Ta zauna tana kallon wanda ya shiga da wanda ya fita.

Da shagon ya sarara ta fito da takarda guda. Kwafin wasiƙa ce da Faransanci, an buga ta da inji, babu sa hannu, kuma daga Bangui aka aika wa ƙungiyar. Wasiƙar ta ce yaron da ke buga wasa da sunan Haris Nasidi ba shi ba ne. Ta ce Luqman Dabo ne, autan wata tsohuwa da ake kira Inno, ƙanin Nasidi da Ja'afaru, wanda aka haifa a 1999. Ta ce Haris na gaskiya ya mutu yana ƙarami lokacin gudun hijira a Kamaru, dangi suka ɗora takardunsa a kan Luqman don a rage masa shekara bakwai.

Ja'afaru ya karanta sau biyu. Ya ce ƙarya ce, Luqman ne ya mutu, a 2014, kuma shi da hannunsa ya binne shi.

Madam Odil ta tambayi takardar mutuwa. Ya ce a watan da aka kashe Luqman ba wanda ya fita neman takarda. Ta rubuta. Sai ta buɗe littafinta ta bi abin da ta tara, da murya ɗaya, kamar mai karanta jerin kaya. Takardar haihuwar Haris ba ta asali ba ce, ta kotu ce da aka yi a 2016 bayan dawowarsu, da shaidu biyu. Ɗaya ya rasu, ɗayan kuma shi ne Ja'afaru. A wani bidiyo na ƙungiyar an tambayi yaron wa yake fara kira bayan wasa, ya ce uwarsa, Inno. Matar da takarda ta ce ita ta haife shi, Ruƙayya mai atamfa, duk kasuwa Mama ti Husna, wato Maman Husna, ake ce mata, alhali a Bangui da sunan ɗan fari ake kiran mace.

Ta juya shafi. Jiya ta je shagon Ruƙayya, ta tambaye ta da Sango 'ya'yanta nawa. Ruƙayya ta ce uku: Husna, Amira, Siddiq. Ta nuna mata hoton Haris a waya, Ruƙayya ta ce ɗan Inno ne. Ta roƙe ta ta faɗi sunansa, Ruƙayya ta juya wurin mai sayen yadi ba ta sake kallonta ba.

"Ni ma uwa ce, Malam Ja'afaru," in ji ta. "Ban taɓa ganin uwar da aka nuna mata ɗanta ta ce na wata ne ba."

Ja'afaru ya yi mata bayani. A gidajensu, tun kakanninsu da suka zo daga Katsina, mace ba ta kama sunan ɗanta na fari. Kunya ce. Ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ba ta yabonsa, ba ta ƙirga shi idan an tambaye ta. Ana yaye shi ake kai wa kakarsa. Haris a ɗakin Inno ya tashi, ita yake kira uwa, wadda ta haife shi kuma Yaya yake ce mata. Shi ya sa ake kiranta da sunan Husna, mai bi masa.

Madam Odil ta rubuta duka, ta sa ya maimaita kalmar ta rubuta ta daidai.

"Bayanin ya toshe kowace kafa," ta ce. "Shi ya sa ban natsu da shi ba. Kwana biyu ina yawo a unguwar da hotonsa ke jikin kowane shago, ba mutum ɗaya da ya san shi. Wa ya ce musu su yi shiru?"

Ta ce wannan ma zai shiga rahoto. Ranar Juma'a da tsakar rana za ta aika. Ja'afaru ya tambaye ta gwajin jini, ta ce za a iya yi, amma kafin a shirya a samu sakamako Yuni ya ƙare. Hoton ƙashi kuma likitocinsu sun ce ba ya raba ɗan sha tara da ɗan ashirin da shida. Idan rahotonta ya ce akwai shakka, ƙungiyar ba za ta kori yaron ba. Za ta bar kwantiraginsa ya ƙare da kansa, ta miƙa wasiƙar ga hukumar ƙwallo, kuma ba wata ƙungiya da za ta taɓa ɗan wasan da ake binciken shekarunsa.

Bayan ta tafi ya rufe ƙofa ɗaya ya zauna da kwafin. Wanda ya rubuta ya san sunan Luqman, ya san shekarar haihuwarsa, ya san shekarar da aka je kotu. Ba baƙo ba ne. Ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya a ransa: maƙwabcinsu Imrana, wanda ɗansa ya je gwaji tare da Haris aka dawo da shi, magatakardan da ya buga musu takardar kotu, wakilin farko da suka rabu da shi. Sunan Ɗantala ne ya fi daɗewa a kansa, domin tun da yaron ya tafi ba wanda ya ambaci kocin a wata hira.

Ya same shi a filin Kokoro yana ɗinke raga da zaren buhu. Ya miƙa masa takardar ba tare da gaisuwa mai tsawo ba. Ɗantala ya juya ta sama da ƙasa, ya mayar masa.

"Karanta mini, Alhajin babur. Ka san ni da Faransanci sai zagin alƙalin wasa."

Ja'afaru ya karanta. Ɗantala ya ci gaba da ɗinkinsa har aka kai ƙarshe. Sannan ya ce ya san abin da ya kawo shi, kuma bai ji haushi ba, domin da shi ne ma da kansa zai fara zarga. Ya ce da an bar shi da matar ranar Litinin, da ya gaya mata Luqman gola ne, bahago, dogo kamar sandar raga, Haris kuwa a lokacin ƙwallon ma ta fi ƙarfin ƙafarsa.

"Kai ka ce mu rufe baki, muka rufe. Yanzu in na buɗe, za ta ce kai ka buɗe mini. Ka je wurin uwarsa."

"Inno?"

"Na ce uwarsa."

A hanyar gida Ja'afaru ya lissafa. Shekara goma sha tara yana gida ɗaya da matar wansa, a Miskine, a Garwa-Bulai ta Kamaru inda suka yi gudun hijira, yanzu a Kokoro. Sun yi maganar haya da makarantar Husna da jinyar Nasidi. Bai tuna ranar da ya yi mata maganar Haris kai tsaye ba. Lokacin tafiya Turai, Inno aka nemi izininta. Idan ana nuna wasan yaron a talabijin ɗin falo, Ruƙayya kan sami aiki a madafa.

Bayan la'asar ya tarar da Inno a tsakar gida, a kan tabarmarta ta ƙarƙashin mangwaro. Shekararta sittin da takwas, idonta ɗaya ya fara yana. Ruƙayya na bayanta tana ninke atamfofin da za a kai shago. Ja'afaru ya durƙusa ya gaya wa uwarsa komai, ya ɗaga murya kaɗan don ta bayan ta ji.

Akwai abin da gidan ya saba takawa a hankali. Inno ba ta ga gawar Luqman ba. Ranar da aka kashe shi a kan hanyar masallaci yana da shekara goma sha huɗu, Nasidi da Ja'afaru suka binne shi a bayan gida cikin gaggawa, washegari suka hau motar da ta fitar da su daga garin. An gaya mata, ta yi salati, amma tun daga ranar ba ta taɓa cewa ya mutu ba. In maganarsa ta taso sai ta ce wanda ya fita. A Garwa-Bulai ta fara kiran Haris autana, ba wanda ya gyara mata.

Ta saurara har ya gama, ta tambaya 'yar wace ce wannan mata da za ta zo ta ƙirga mata 'ya'ya. Ya ce lauya ce. Ta ce waɗanda suka zo Miskine ma da littafi suka zo. Ya ce ya bincika. Ta ce wancan karon ma ya ce ya bincika.

Ya juya gefen Ruƙayya, yana kallon atamfar da ke hannunta.

"Maman Husna, gobe za ta zo. Abin da take so, ki ce ke kika haife shi, ki kama sunansa."

Ruƙayya ta gama ninke turmin da ta fara, ta daidaita gefensa.

"Yaron na Inno ne, Baban Jannat. Kowa ya sani."

Ta kwashi kayan ta shiga ɗaki.

Madam Odil ta iso ranar Alhamis da ƙarfe goma. Ja'afaru ya je ya taho da ita daga bakin titi, kuma ya lura da yadda labulen gidan Imrana ya motsa da suka wuce. Ta cire takalmi a bakin tabarma ba tare da an ce mata ba. Ta ajiye wayarta a tsakiya, ta ce za ta ɗauki magana, kuma duk wanda bai yarda ba ya faɗa. Ruƙayya ta kawo ruwa ta koma bakin ƙofar ɗakinta ta zauna, rabin jikinta a bayan labule.

Inno ce ta fara tambaya. Ta sa Ja'afaru ya tambayi matar sunan ubanta da unguwar da ta tashi. Madam Odil ta ce a Miskine aka haife ta, bayan makarantar firamare. Ta ƙara da cewa gidansu ma ba ya nan yanzu. Inno ta ce a ci gaba.

Lauyar ta tambaye ta 'ya'ya maza nawa ta haifa. Ta ce uku, ta faɗi sunan Ja'afaru da na Luqman, na farkon kuma ta ce mai rasuwa. Madam Odil ta ɗago kai, ta tambaya wane ne mai rasuwa. Ja'afaru ya ce Nasidi, kuma Inno ba ta kama sunansa, domin shi ne nata na fari. Lauyar ta dubi tsohuwar, ta dubi labulen, ta rubuta wani abu mai ɗan tsawo.

Sai ta miƙa wa Inno wayarta ta biyu, da hoton Haris cikin rigar ƙungiya. Ta tambaya ko wannan ne Luqman.

Inno ta kai hoton kusa da idonta mai kyau, ta nisanta shi, ta sake kawowa. In ta ce autana, kamar yadda ta saba, magana ta ƙare.

"Luqman bahago ne," ta ce. "Na yi ta dukan hannun, bai daina ba. Wannan da dama yake ci."

Madam Odil ta tambaya ina Luqman yake yanzu.

Inno ta ajiye wayar a kan tabarma, fuskar hoton a ƙasa. Ta daɗe tana murza carbinta.

"Yana Miskine, bayan gidan da muka bari, kusa da rijiya. Wannan ne ya binne shi." Ta nuna Ja'afaru da haɓa. "Na hoton jikana ne. Aronsa aka ba ni, na riƙe."

Ja'afaru ya fassara.

Lauyar ta yi godiya. Ta ce ta ji, amma maganar kaka magana ce ta dangi, kuma wanda ya rubuta wasiƙar dama ya ce dangi sun haɗa baki. Abin da zai taimaka shi ne takarda ko da guda ɗaya da aka yi kafin 2014. Ja'afaru ya ce babu. Komai ya ƙone, har hotunan suna. Da akwai, da ba su yi wata bakwai suna zarya a kotu ba.

Labulen ya motsa. Ruƙayya ta shiga ɗaki, aka ji ƙarar murfin akwati. Ta fito da wani abu naɗe cikin leda da tsumma, ta durƙusa ta ajiye a gaban Inno, ba a gaban baƙuwar ba, ta koma wurinta. Inno ta tura wa Ja'afaru. Ya kwance.

Katin rigakafi ne, rawaya, ya yi laushi a wurin ninki. Na asibitin unguwa ne a Miskine. An rubuta sunan jariri, Haris, da sunan uwa, Ruƙayya, da ranar haihuwa, tara ga Maris 2006. A ciki akwai hatimi shida da kwanan wata shida, da rubutun mutum uku daban-daban, da layin nauyi da ya hau ya sauka a wata na bakwai ya sake hawa.

Ja'afaru ya juya katin gaba da baya. A karo na farko ya kalli matar wansa ido da ido.

"Wata bakwai ina bin magatakarda, ina neman shaidu. Yana akwatinki?"

"A ƙuguna na fito da shi daga Miskine."

"Me ya hana ki faɗa?"

"Ba a tambaye ni ba."

Gaskiya ce. Ya tambayi Inno, ya tambayi liman, ya tambayi maƙwabtan da suka dawo daga Chadi. Bai ga dacewar ya tambayi mace takardar ɗanta na fari ba, ita kuma ba ta ga dacewar a san ta ajiye ba.

Madam Odil ta karɓi katin da yatsa biyu. Ta ɗaga shi a hasken rana, ta shinshina, ta goga babban yatsanta a kan hatimi ta duba ko tawada ta fita. Ta ɗauki hoton kowane shafi. Ta ce irin wannan kati ana iya yin sa a kasuwa a kwana ɗaya, a tsufar da shi da shayi, don haka za ta nemi rajistar asibitin in ta tsira, ta kuma gwada hatimin da na wasu katunan shekarar. Sannan ta juya ga labulen, ta yi magana da Sango kai tsaye. Ta ce saura tambaya ɗaya, kuma ba wanda zai amsa sai mai ita: mene ne wannan yaro a wurinta, kuma mene ne sunansa.

Ruƙayya ta dubi ƙasa. Minti ɗaya ya wuce, lambobin da ke kan wayar lauyar suna tafiya.

Inno ta dafa gwiwa ta miƙe. Ta ce ta tuna ba ta duba matar liman ba tun da aka sallamo ta daga asibiti, Ja'afaru ya zo ya riƙe mata hannu, ƙafarta ba ta son kwatar layin. Ya ce yanzu? Ta ce yanzu. A bakin zaure ta tsaya ba ta waiwaya ba, ta ce da Hausa, "Ruƙayya, na fita. Ba ni nan, ba na ji."

Ba su je gidan liman ba. Sun tsaya a inuwar katanga, tsohuwar ta jingina. Wani mai taksi-moto ya rage gudu yana kallonsu, Ja'afaru ya tsare shi da ido har ya wuce. Daga cikin gida ba a jin komai. Ya duba agogon wayarsa sau uku. Minti goma sha ɗaya.

Madam Odil ta fito tana sa littafinta a jaka. Ta yi wa Inno sallama da ɗan rusunawa. A hanyar bakin titi Ja'afaru ya tambaya ko Ruƙayya ta faɗi sunan.

"Sau ɗaya, can ƙasa-ƙasa. Na roƙa ta maimaita don wayar ta kama da kyau, ta ƙi."

Ta ce amma Ruƙayya ta gaya mata sa'ar da aka haife shi, da sunan unguwarzoma, da gudawar da ta kusa kashe shi a wata na bakwai, da tabon ƙunar murhu a bayan ƙafarsa ta hagu. Za ta sa likitan ƙungiya ya duba tabon. Ya tambaya ko ta yarda da su. Ta ce ba a ɗauke ta don ta yarda ba, za ta rubuta abin da ta gani, har da shirun kwana biyun farko. Ta tsayar da taksi ta shiga.

Amsa ta zo bayan kwana goma sha biyu. Ƙungiyar ta ba Haris kwantiragi, amma na shekara uku maimakon biyar, da sharaɗin za a yi gwajin jini kafin sabuwar kaka. Ba ta faɗi dalilin ragin ba. Wakilin ya dawo ɗaukar waya, ya ce shi ma bai san komai ba. Ba a gano wanda ya rubuta wasiƙar ba. Ja'afaru na gaisawa da Imrana da magatakarda kamar da, amma ya daina maganar yaron a teburin mai shayi.

Ranar da ya sa hannu, Haris ya kira bayan la'asar. Ya yi doguwar hira da Inno, Hausarsa na gauraye da Sango, tana tambayarsa ko yana cin abinci mai zafi. Sannan ya ce a ba baffansa. Ya ce an kira shi ɗakin likita an duba masa bayan ƙafa, an ce wata ce ta faɗi tabon, shi kansa ya manta da shi. Ya tambaya wace ce. Ja'afaru ya ce masa sai dai ya tambayi lauya. Sai yaron ya ce ko Yaya na kusa.

Tana kusa, tana guga a bakin ƙofa. Ja'afaru ya miƙa mata wayar. Ba ta karɓa ba, kamar kullum. Ta juya rigar Siddiq ta ɗora dutsen guga a kan wuyanta.

"Ka gaya wa ɗan Inno," ta ce, "mai lamba takwas ɗin nan da ke gefensa ba ya son ba shi ƙwallo. Wasa uku ina lura, ko yana tsaye shi kaɗai sai ya juya wani wajen. Ya sa ido a kansa."